Hijira da Lafiyar Jiki: Abin da Binciken Tokelau Ya Gano

A tsakiyar Tekun Fasifik, cikin yankin da ake kira Folinisiya, akwai wasu ƙananan tsibirai uku, wato Atafu da Nukunonu da Fakaofo, waɗanda a haɗe ake ce musu Tokelau. Abincin mutanen wurin tun kaka da kakanni kifi ne da kwakwa, kuma suna da wata al'ada mai suna inati, inda akan tara kifin da aka kamo a raba wa kowane gida rabonsa.

A shekarar 1966 wata guguwa ta yi wa tsibiran ɓarna, gwamnatin ƙasar Niyuzilan kuwa ta buɗe wa jama'ar ƙofar ƙaura. Wannan ya ba masana damar da ba kasafai ake samu ba: jama'a ɗaya, jini ɗaya, ta rabu gida biyu. Daga 1968, Dokta Ian Prior na Welinton, tare da masana halayyar al'umma irin su Antony Hooper da Judith Huntsman, suka dinga auna lafiyar waɗanda suka tafi da waɗanda suka zauna, har zuwa 1982.

Sakamakon ya nuna cewa 'yan ƙaura sun fi ƙiba, kuma hawan jini ya fi yawa a cikinsu, musamman maza. Ciwon sukari ya ƙaru, haka ma cutar asma a tsakanin yara. Tun da yake asalinsu ɗaya ne, ba za a ɗora wa gado laifin wannan bambanci ba. Burodi da sukari da nama sun maye gurbin kifi da kwakwa, aikin albashi kuma ya maye gurbin su da tuƙin kwalekwale.

Sai dai ba abinci kaɗai ba ne. Wani rahoto na 1977 ya nuna cewa 'yan ƙauran da suka fi cuɗanya da baƙuwar al'umma sun fi takwarorinsu da suka tsaya cikin dangi hawan jini. Ana ganin cewa mutumin da ke ƙoƙarin cika hakkin dangi da na coci, ga kuma buƙatun masana'anta da kuɗin haya, yana ɗauke da kaya biyu ne a kai ɗaya, kuma jijiyoyin jini sukan nuna alamar wannan nauyi.

Daga baya wani masanin jinya ɗan asalin Samowa, Fuimaono Karl Pulotu-Endemann, ya fito da tsarin Fonofale, wanda ya kamanta lafiya da ɗaki: iyali ne harsashinsa, al'ada ce rufinsa, jiki da tunani da ruhi kuwa suna cikin ginshiƙansa. Ma'aikatan lafiya a Niyuzilan na amfani da shi wajen kula da jama'ar Fasifik, domin likita ya tambayi majinyaci halin gidansa da danginsa, ba abin da ya ci kawai ba.