Europa Universalis: Gardamar 'Yan Wasa Kan Gyare-gyare da Jiran Kashi na Biyar

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da bai dogara da saurin yatsa ko iya harbi ba, wanda ake kira wasan dabarun mulki da yaƙi, inda ake shimfiɗa wa ɗan wasa taswirar duniya ta wani zamani da ya shuɗe, a damƙa masa ƙasa guda, a bar shi ya tafiyar da harajinta da rundunarta da hulɗarta da maƙwabta har tsawon ɗaruruwan shekaru. Daga cikin fitattun wannan rukuni akwai Europa Universalis na kamfanin Paradox da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, wanda ya samo asali daga wani wasan allo da Bafaranshe Philippe Thibaut ya ƙirƙira a 1993, kafin a mayar da shi wasan kwamfuta a 2000. Kashi na biyu ya fito a 2001, na uku a 2007, na huɗu kuma a watan Agustan 2013, kuma shi wannan na huɗun ne ya zauna a hannun jama'a fiye da shekara goma ana yi masa kwaskwarima, har gardamar da masoyansa ke yi a kan kowane gyara ta zama wani ɓangare na wasan kansa.

Kashi na huɗu yana farawa ne ranar 11 ga Nuwamban 1444, wato washegarin yaƙin Varna da Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta murƙushe rundunar haɗin gwiwar Kiristocin gabashin Turai, yana kuma ƙarewa a 1821. Ɗan wasa na da damar ɗaukar kowace ƙasa da ke kan taswirar, daga Faransa da Sin har zuwa Kano da Katsina da Zazzau da Borno da Songhai, sauran ɗaruruwan ƙasashen kuma kwamfuta ce ke jan ragamarsu. Ba a tilasta wa kowa bin sawun tarihi, don haka mai haƙuri da dabara zai iya ɗaga ƙaramar masarauta ta zama daula, mai gaggawa kuma ya rasa babbar daula cikin shekara talatin saboda bashi da tawaye da ƙawancen maƙwabtan da ya tsokana.

Abin da ya bai wa wasan tsawon rai shi ne tsarin kasuwancin da kamfanin ya ɗauka, inda kowane 'yan watanni ya riƙa fitar da abubuwa biyu a tare: sabuntawa ta kyauta, wadda ke gyara kura-kurai tana sauya ƙa'idoji ga kowa da kowa, da kuma ƙari na saye, wanda ke buɗe sababbin dabaru ko ya faɗaɗa wani yanki na duniya ga wanda ya biya. Tsakanin 2014 da 2024 manyan ƙarin da aka sayar sun haura ashirin, na ƙarshensu shi ne Winds of Change da ya fito a watan Mayun 2024, kuma wanda ya so mallakar su duka a kan cikakken farashi sai ya kashe ɗaruruwan daloli, abin da ya sa daga bisani kamfanin ya ɓullo da biyan kuɗin wata-wata ga masu son su ɗanɗana komai ba tare da saye ba. Masu kare tsarin suna cewa da kuɗin ƙarin ne ake biyan ma'aikatan da ke yin gyaran kyauta, kuma babu wasan da zai shekara goma ana kula da shi idan ba ya kawo riba. Masu suka kuwa suna nuni da lokutan da aka sauya ƙa'ida ga kowa, sannan aka ɓoye maganin sauyin a cikin abin saye, kamar yadda ya faru a 2015 da ƙarin Common Sense, lokacin da bunƙasa lardi ya zama ginshiƙin wasa amma ikon yin hakan ya kasance na waɗanda suka biya kawai, har sai da kamfanin ya mayar da shi kyauta bayan shekaru. A wannan gaɓa masu sukar ne ke da gaskiya.

Sabuntawa a irin wannan wasa ba ƙaramin al'amari ba ce ga wanda ya yi makonni yana gina daula, domin babban gyara yakan lalata wasan da aka ajiye, ya kuma rushe dabarun da mutum ya daɗe yana koyo, tamkar a ce ana tsakiyar dara wani ya zo ya sauya yawan gurabe. Mafi munin abin da ya faru ta wannan fuska shi ne fitowar ƙarin Leviathan a watan Afrilun 2021, aikin farko na sabon reshen kamfanin mai suna Paradox Tinto, wanda aka kafa a 2020 a yankin Basalona na ƙasar Sifaniya a ƙarƙashin Johan Andersson, mutumin da ke cikin aikin jerin wasan tun kashi na farko. Ƙarin ya fito cike da kura-kurai, wasa na tsayawa cak, ajiyayyun wasanni na lalacewa, lissafin wasu ƙasashe ya fita daga hankali, kuma masu saye a kasuwar wasanni ta Steam suka yi masa ruwan ƙuri'un rashin gamsuwa har ya shiga sahun kayan da aka fi kushewa a tarihin kasuwar. Kamfanin ya nemi afuwa, ya kuma shafe watanni yana gyara, amma amanar da ta zube ba ta dawo da wuri ba.

Bayan batun kuɗi da kura-kurai akwai gardama mai zurfi, wadda a zahiri gardama ce kan abin da ke motsa tarihi. A kashi na huɗu kusan kowane ci gaba yana rataye ne a kan maki iri uku, na mulki da na diflomasiyya da na soja, waɗanda ke taruwa wata-wata gwargwadon hazaƙar sarkin da ke kan gado, kuma ana auna hazaƙar tasa daga sifili zuwa shida a kowane fanni. Da waɗannan maki ake sayen fasaha, da su ake kwantar da tarzoma, da su kuma ake mayar da ƙauye birni cikin dare ɗaya, shi ya sa 'yan wasa suka laƙaba musu sunan "mana", wato ƙarfin sihiri da ake tarawa a wasannin tatsuniya. Koken nasu shi ne cewa a taswirar babu mutane: lardi lamba ce kawai, yaƙin shekara ashirin ba ya rage masu noma, kuma annoba ba ta barin gonaki kufai. Lokacin da kamfanin ya fitar da Imperator: Rome a 2019, wasa kan zamanin Rumawa wanda shi ma Andersson ya jagoranta, ya kuma cika shi da irin waɗannan maki, martanin jama'a ya yi zafi har sai da aka sake ginin wasan, kuma duk da haka aka dakatar da aikinsa a 2021.

Koke na biyu ya fi shafar mai karatu a Afirka, domin ya danganci matsayin da wasan ya bai wa Turai. A tsarin cinikin kashi na huɗu an raba duniya zuwa cibiyoyin kasuwanci, Katsina na ɗaya daga cikinsu kamar yadda Timbuktu take, sai dai dukiya tana gangarawa ne daga cibiya zuwa cibiya ta hanyoyin da aka riga aka zana, waɗanda ba sa juyawa ko da me ɗan wasa ya yi, kuma dukkansu suna tuƙewa ne a wurare uku: Venice da Genoa da mashigin ruwan Ingila. Ma'ana, ko da mai riƙe da Katsina ya mallaki rabin Afirka, ba shi da ikon sa kayan Turai su gangaro kasuwarsa, iyakarsa ya tare abin da ke wucewa. Haka kuma a shekarun farko ƙasashen da ba na yammacin Turai ba suna biyan fasaha da tsada har sai sun bi wani mataki na "zama Turawa", tsarin da aka soke a 2016 aka maye gurbinsa da wasu manyan sauye-sauye, irin su injin buga littattafai, da ke ɓulla a wuri guda su bazu sannu a hankali, ko da yake na farko-farkonsu a Turai suke ɓulla. Addinan gargajiya na mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara kuwa an tattara su a ƙarƙashin suna guda, alhali wani wasan kamfanin, Crusader Kings III na 2020, ya ware Bori a matsayin addini mai zaman kansa, ya kuma sanya Daurama ta Daura cikin sarakunan da yake ba da shawarar a fara da su a shekarar 867. Ƙarin Origins na Nuwamban 2021 ya ƙara wa Mali da Songhai da Habasha da Kongo armashi, amma bai taɓa waɗancan ginshiƙai ba, domin sauya su na nufin sake gina wasan daga tushe.

Wannan ne yanayin da aka shiga jiran kashi na biyar. A watan Fabrairun 2024 reshen Tinto ya fara wallafa bayanin mako-mako kan wani aiki da ya kira Project Caesar, ba tare da ya amsa cewa Europa Universalis ne ba, ko da yake babu wanda ya ruɗu, kuma aka ci gaba da wannan ɓoyon da ba ɓoyo ba har zuwa 8 ga Mayun 2025 da aka bayyana sunan a hukumance. Abin da ya bambanta wannan jira da na sauran wasanni shi ne an baje ƙa'idoji da taswirori tun ana iya sauya su, yanki bayan yanki, aka kuma nemi gyara daga jama'a. Masu sha'awa suka riƙa kawo hujjoji daga littattafan tarihi da tsofaffin taswirori kan iyakar wata masarauta, ko sunan wani gari a ƙarni na 14, ko yaren da ake yi a wani kwari, masu aikin kuma suka riƙa dawowa da taswirar da aka gyara. Ana iya karanta wannan a matsayin darasin da aka koya daga Leviathan da Imperator, ana kuma iya karanta shi a matsayin hanyar samun bincike kyauta da talla kyauta, kuma babu abin da ya hana duka biyun zama gaskiya. Illar tsarin ita ce yankin da ke da masu magana da yawa da rubutattun madogara cikin harsunan Turai shi ke samun gyara mai yawa, wanda ba shi da su kuma ya tashi da abin da ma'aikata ƙalilan suka iya tsinta.

Daga cikin abubuwan da aka bayyana, biyu ne suka fi jan zance. Na farko shi ne soke makin sarauta da shigo da jama'a cikin lissafi, ta yadda kowane wuri a taswira ke da adadin mutanensa, an kasa su bisa aji da addini da al'ada, daga masu sarauta da malaman addini zuwa 'yan kasuwa da manoma da bayi, kuma ikon gwamnati yana raguwa gwargwadon nisan wuri daga babban birni sai an gina hanyoyi ko an bi ruwa. Kasuwanni ma an sake su su bi buƙata da wadatar kaya maimakon zanannun hanyoyi. Na biyu shi ne mayar da farkon wasa baya zuwa 1337, shekarar da aka soma Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa, shekara goma kafin annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta isa Turai. Masu murna sun ce annobar za ta nuna amfanin sabon lissafin jama'a tun daga farko, kuma duniyar 1337 ba ta riga ta karkata ga Turai ba, tunda Mali na kan ganiyarta shekaru kaɗan bayan hajjin Mansa Musa na 1324, Usmaniyawan Turkiyya kuwa ƙaramar masarauta ce a kewayen Bursa. Masu fargaba sun ce tazarar ta yi yawa, domin tsakanin 1337 da tafiyar Kolumbus ta 1492 akwai shekara 155, kuma idan kwamfuta ta kasa tayar da daulolin da aka sani, wasan zai rasa kamannin zamanin da aka san shi da shi. Ga ƙasar Hausa bambancin shekarun biyu ba kaɗan ba ne, domin bisa lissafin da aka saba bi na Tarihin Kano, 1444 ta faɗo ne a zamanin Abdullahi Burja, kafin hawan Muhammadu Rumfa a 1463, ita kuwa 1337 ta faɗo a zamanin Tsamiya, kafin zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, wato lokacin da Musulunci bai riga ya kafu a fadar Kano ba.

Akwai kuma damuwar da ke bin kowane sabon kashi na irin waɗannan wasanni, wato cewa jariri ba zai kai wanda aka yi shekara goma ana yi wa ƙari cika ba, kuma wanda ya zuba kuɗi a tsohon zai koma farawa daga sifili. Wasu sun ce za su jira shekara ɗaya ko biyu har a kammala gyaran farko, wasu kuma sun tuna cewa kwamfutar da ta ɗauki wasan 2013 ba lalle ta ɗauki wanda ke lissafa jama'ar duniya wuri bayan wuri ba, matsalar da ta fi tsanani a ƙasashen da sayen sabuwar kwamfuta ke cinye albashin watanni.

Europa Universalis V ya fito ranar 4 ga Nuwamban 2025, gyare-gyare suka biyo baya cikin makonnin farko, kuma tsarin kasuwancin bai sauya ba, domin tun kafin fitowarsa an riga an sanar da ƙarin farko da za a sayar. Waɗannan ƙarin sun shafi daular Rumawa ta gabas, da Kastil da Maroko, da Faransa da Sukotlan, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya shafi Afirka ta kudu da Sahara.