3.2 Siffofin Turɓaya Mai Yashi a Fadamar Kogin Haɗejiya

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, ruwan saman da ake samu a yankin Haɗejiya zuwa Nguru bai cika wuce milimita 500 zuwa 700 ba a shekara, kuma mafi yawansa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Sauran watannin kuwa rani ne. Wannan shi ya sa manoman Auyo da Kirikasamma da Guri suke daraja fadama fiye da jigawa. To amma ƙasar fadama ba iri ɗaya ba ce. A wannan sashe za a dubi nau'i guda daga cikinta, wato turɓaya mai yashi, wadda ita ce aka fi yin noman rani a kanta.

Masana kimiyyar ƙasa sun kasa ƙwayoyin ƙasa gida uku bisa ga girmansu. Akwai yashi, wanda ƙwayarsa ta kama daga milimita 0.05 zuwa 2. Akwai lallausar ƙasa mai kama da gari, daga milimita 0.002 zuwa 0.05; sai kuma laka, wadda ƙwayarta ba ta kai milimita 0.002 ba. Ana kiran ƙasa turɓaya mai yashi idan yashin cikinta ya kai wajen rabi ko fiye, lakar kuma ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba. Manomi ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya gane ta. Idan ya jiƙa ta ya dunƙula, za ta dunƙulu, amma da ya matsa sai ta wargaje, in kuma ya murza ta tsakanin yatsunsa zai ji kaushin yashi. Laka kuwa miƙewa take yi kamar ƙullun tuwo, ta manne a hannu.

Dalilin samuwar wannan ƙasa a fadama yana tattare da halin ambaliya. Kogin Kano da na Calawa, waɗanda suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya, suna kwaso yashi da laka daga ƙasashen duwatsu na kudu da yamma. Idan kogi ya cika ya tumbatsa, ƙarfin ruwan yakan ragu da zarar ya haye gaɓa. Abin da ya fi nauyi shi yake fara kwantawa, wato yashi da turɓaya, a kusa da gaɓa. Laka, saboda rashin nauyinta, sai ruwa ya kai ta can cikin kwari inda yake kwanciya tsawon watanni. Ke nan a gona guda ana iya tarar da turɓaya a bakin kogi, a yi tafiya kaɗan a shiga baƙar laka mai tsagewa da rani. Har ila yau, iska tana ƙara mata yashi daga tsofaffin tuddan rairayi da kogin yake ratsawa a kan hanyarsa ta zuwa Gashuwa. Da yake ambaliyar kowace shekara da irin ƙarfinta, ƙasar hawa-hawa take. Mai haƙa rijiya yakan wuce turɓaya, ya iske siririn shimfiɗin laka, ya sake faɗawa tsabar yashi kafin ya cim ma ruwa.

Siffarta ta farko da manoma suke yabawa ita ce sauƙin aiki. Fartanya da garmar shanu suna shigarta ba wahala, a jiƙe ko a bushe, saɓanin laka wadda da damina take kama ƙafa, da rani kuma ta koma kamar dutse. Iska tana ratsa ta, ruwa ba ya kwanciya a gindin shuka har saiwa ta ruɓe. Albasa da dankali da karas suna samun sararin yin kauri, kankana da tumatir da attarugu kuma suna jin daɗinta.

Sai dai wannan sauƙin shigar ruwa shi ne kuma rauninta, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi. Zurfin mita ɗaya na irin wannan ƙasa yana riƙe ruwan da shuka za ta iya sha kimanin milimita 110 zuwa 150. Saiwar albasa kuwa ba ta cika wuce santimita 30 ba, don haka abin da take iya kaiwa gare shi bai fi milimita 33 zuwa 45 ba, kuma tun kafin ta shanye rabinsa take fara nuna ƙishi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta, gona na iya rasa milimita 6 zuwa 8 a yini guda. Wannan yana nufin kowane kwana biyu ko uku sai an tayar da injin ban ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, wannan siffa ta ƙasar ta koma maganar kuɗi kai tsaye. Ambaliyar da wasu manoma suke yi wa fangali da nufin ruwan ya daɗe ba ta da amfani, domin abin da ya wuce ƙarfin ƙasar gangarawa ƙasa yake yi.

Ba kuma shi kaɗai yake gangarawa ba. Laka da ruɓaɓɓen ganye su ne suke riƙe abincin shuka a cikin ƙasa, turɓaya mai yashi kuwa duka biyun sun yi mata ƙaranci, domin zafin yankin yana saurin cinye duk abin da ya ruɓe. Saboda haka idan aka zuba yuriya gaba ɗaya a lokaci guda, aka bi ta da ruwa mai yawa, wani kaso nata yakan wuce inda saiwa take. Raba takin kashi biyu ko uku, da haɗa shi da takin gargajiya, shi ya fi dacewa da halinta.

Idan haka ne, me ya sa aka san fadama da albarka? Amsar ita ce albarkar ba daga jikin turɓayar take ba, aro take yi daga kogi. A da, ambaliya takan shafe ta kowace shekara, ta bar mata sabuwar lallausar ƙasa, ta wanke gishirin da ya taru, ta kuma cika ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya zamana jigo ma yana isar manomi. Bayan ruwa ya janye a shuka wake a kan laima, bayan girbi shanun Fulani su shigo su ci kara su bar kashi. Kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 ya sauya wannan tsari. Lallausar ƙasar da kogi yake kawowa tana kwantawa a bayan madatsa, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka wasu gonaki suka nutse dindindin, wasu kuma ruwa ya daina zuwa gare su. Shirin Fadama na ƙasa, wanda aka fara a 1993 da rancen Bankin Duniya, ya yawaita ƙananan rijiyoyin burtsatse da injuna. Wannan ya magance ƙishi, amma inji ba ya kawo sabuwar ƙasa.

Inda ruwan ƙarƙashi yake kusa da sama kuma ambaliya ta daina wankewa, rana tana jawo danshi sama, ruwan ya ƙafe ya bar gishiri. Shi ne farin ɓawon da ake gani a kan kunya, wanda manoma suke kira kanwa. Alamarsa ta farko ita ce shuka ta tsiro gibi-gibi, bakin ganye ya ƙone alhali ƙasa tana da laima. A nan turɓaya mai yashi ta fi laka sa'a, domin ruwa mai kyau yana iya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi, muddin akwai magudanar da zai fita. Idan kuwa akwai shimfiɗin laka kusa da sama, kamar wanda masu haƙa rijiya suke tararwa, ruwan zai tsaya a kansa ya sake dawo da gishirin. Don haka kafin a yanke hukunci a kan gona, sai an haƙa rami mai zurfin aƙalla mita ɗaya an ga yadda hawa-hawan ƙasar suke.