Shimfiɗar Takalmi Da Ƙarfin Ƙafa

Malamin makaranta ya kan wuni tsaye gaban allo, akawu kuwa ya wuni zaune, ƙafafunsu ƙunshe cikin takalmi sau-ciki. Da maraice sai ka ji dukansu suna kukan ciwon dunduniya.

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26, an jera su kamar bakan gizon soro, ƙananan tsokoki da jijiyoyi ke riƙe da su. Tsokar da ba ta aiki kuwa lalle ta yi rauni. A 1992 likitoci biyu a Indiya suka duba yara 2,300, suka tarar shafaffen tafin ƙafa ya fi yawa ga masu sa takalmi bisa waɗanda ba su sawa.

Don haka ne aka fito da wata irin shimfiɗa ta cikin takalmi mai 'yan tuddai, wadda ke tsokanar tafin ƙafa ya motsa. Dabam ta ke da wadda likita ke bayarwa, gama waccan tallafa ƙafa ta ke yi, wannan kuwa aiki ta ke ba ta.

Amma kada mutum ya zaci kuɗinsa sun saya masa ƙarfi. In ya koma gida ya tuɓe takalmi, ya riƙa tattara tawul da yatsun ƙafa, ya yi ɗage sau goma. Shimfiɗar kuma a fara da sa'a ɗaya a yini, a riƙa ƙarawa. Mai ciwon sukari kada ya sa ta sai likita ya duba shi, gama ƙafarsa kan daina ji, ta yi gyambo bai sani ba.

Sannu ba ta hana zuwa.