Watan Haihuwa da Ranar Shiga Makaranta

Yawancin ƙasashe masu tsarin karatun boko suna ƙayyade wata rana a shekara wadda ke raba yaran da za su shiga makaranta bana da waɗanda za su jira baɗi, kuma za mu duba yadda wannan rana guda take bin yaro har girmansa. A Ingila ranar ita ce 1 ga Satumba, inda yawancin yara ke shiga ajin share fage a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsu shekara huɗu. Saboda haka yaron da aka haifa ranar 31 ga Agusta yakan zauna aji ɗaya da wanda aka haifa ranar 1 ga Satumban shekarar da ta gabata, alhali tazarar da ke tsakaninsu shekara guda ce ba kwana ɗaya. Ga ɗan shekara huɗu kuwa, wannan tazara rubu'in rayuwarsa ce, kuma tana bayyana a wajen riƙon fensir da iya magana da juriyar zama wuri ɗaya.

Masana suna kiran abin da ke biyo baya tasirin tazarar shekaru, wato fifikon da manyan aji ke samu a kan ƙananansu don kawai sun riga su zuwa duniya da 'yan watanni. A shekarar 1985 wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Roger Barnsley, ya nuna cewa fitattun 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara sun fi yawa cikin haihuwar farkon shekara, domin ranar raba rukunin yara a wasan ita ce 1 ga Janairu. Mai horarwa yakan zaɓi yaron da ya fi girman jiki yana zaton ya fi hazaƙa, sai a ba shi ƙarin horo, har zaton ya zama gaskiya.

Haka abin yake a aji. Rahoton da cibiyar binciken tattalin arziki ta IFS da ke Landan ta fitar a 2013 ya nuna cewa haihuwar Agusta suna bayan haihuwar Satumba a jarrabawa, kuma ko da yake giɓin yana raguwa yayin da suke girma, bai gushe ba har jarrabawar GCSE da ake yi a shekara 16. Abin da ya fi wannan tayar da hankali ya fito daga Amurka a 2018, inda wani bincike a mujallar New England Journal of Medicine ya gano cewa a jihohin da ke amfani da 1 ga Satumba, an fi yi wa haihuwar Agusta hukuncin cewa suna da larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya da ake kira ADHD, da kusan kashi ɗaya cikin uku bisa haihuwar Satumba. Wato ƙuruciya ce ake ɗauka ciwo a wasu lokuta, har a rubuta mata magani.

Iyayen da suka fahimci haka ba su zauna ba. A Japan, inda shekarar karatu ke farawa a Afrilu kuma wanda aka haifa ranar 2 ga watan yake zama babban aji, masanin tattalin arziki Hitoshi Shigeoka ya nuna cewa ana jinkirta haihuwa fiye da 1,800 a kowace shekara domin a tsallake ranar, abin da ke yiwuwa idan haihuwar ta tiyata ce da likita ke sa wa rana. A Amurka kuwa wasu iyaye, musamman masu hali, sukan riƙe yaro a gida shekara guda, a Ingila ma iyayen yaran da aka haifa tsakanin 1 ga Afrilu da 31 ga Agusta suna iya neman a jinkirta musu shiga. Sai dai duk aji dole ya kasance da autansa, kuma idan masu ilimi da kuɗi suka janye 'ya'yansu daga wannan matsayi, ɗan talaka ne zai gaje shi.

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban, domin a da, lokacin da takardar haihuwa ba ta yawaita ba, malami yakan sa yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo ɗaya kunnen, in ya kai a ɗauke shi. Yau kuma iyaye da yawa a birane gaggawa suke yi, suna tsallakar da yaro aji shida na firamare, duk da cewa shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a a Nijeriya.

Masu rahoton IFS sun gano cewa babban dalilin giɓin da ke tsakanin haihuwar Agusta da ta Satumba a Ingila shi ne shekarun yaro a ranar da ya zauna jarrabawa, ba yawan zangon karatun da ya yi ba. Don haka shawararsu ita ce a daidaita makin jarrabawa gwargwadon watan haihuwa, ta yadda za a auna haihuwar Agusta da abin da ake tsammani daga sa'anninsa na haƙiƙa. Wannan hanya ta fi sauƙin kuɗi a kan jinkirta karatu, kuma ba ta buƙatar wata uwa ta ɗaga ranar tiyatarta.