Harajin Lafiya A Gana: Muna Biya, Wa Ke Shan Maganin?

Duk wanda ya taɓa sauke shanu a karar Ashaiman ko ta Kumasi ya biya harajin lafiya na ƙasar Gana, ko ya sani ko bai sani ba. Tun daga 2004 gwamnati ke ɗora kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayayyakin da ake yi wa harajin saye, kamar tayar mota da katin waya. Kuɗin na shiga asusun inshorar lafiya da dokar 2003 ta kafa, domin a bar tsarin da, na sai ka biya kafin likita ya dube ka.

To, biyan wannan haraji bai sa a ba ka magani. Sai da kati.

Ma'aikacin albashi ana cire masa nasa daga kuɗin fansho. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18, da tsoho mai 70 zuwa sama, da mai juna biyu (wannan tun 2008), an yafe musu kuɗin shekara. Haka kuma matalauci, wato wanda ba a ga hanyar samunsa ba, ba shi da tsayayyen wurin kwana. Mu fatake da dillalai muna cikin masu biya da hannunsu kowace shekara, kuma gaskiya kuɗin bai kai na dusar sati guda ba.

Damuwarmu yaranmu ne masu rakiyar shanu. Yaro ya kwana uku a saman tirela daga Paga, yau yana zango, gobe yana hanya. A ce matalauci ne, ga shi yana karɓar lada. A ce mai samu ne, ladar nan ba ta kai shi ƙarshen wata. Ranar da sa ya soke shi ko zazzaɓi ya kayar da shi, aljihun maigida ne asibiti, in ma maigidan na kusa ke nan.

Dokar 2012 ta ambaci mazauna ƙasa da baƙi masu ziyara, saboda haka kada wani ya ce ai shi ɗan Nijar ne, abin bai shafe shi ba. A nemi maigidan masauki ya raka yaro ofishin inshora na gunduma. Sabon kati yakan yi wata guda kafin ya fara aiki, don haka a yanka shi tun yaro na da lafiya. Sabuntawa kuwa, tun 2018 ana yin ta ta waya da *929#.