Shatan gobe yana cikin wayarka, kai ne ba ka duba ba

Ɗauko wayarka ka duba waƙoƙi goma na ƙarshe da ka saurara. Nawa ne a ciki na mutumin da za ka iya cin karo da shi a tashar Funtuwa ko a kasuwar Malumfashi? Ke ma 'yar'uwa, duba littattafan da kike karantawa a WhatsApp, ko kin san garin marubuciya ko da guda ɗaya? Yawancinmu amsar ita ce babu. Mun san abin da ake yayi a Kano da Legas, har da Koriya, amma yaron bayan layinmu da ke zana hoton mutum da biro kamar zai yi magana, ba mu ma san yana da shafi ba.

Abin mamakin shi ne, wannan yanki namu na masara da auduga da waken suya bai taɓa rasa masu fasaha ba. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, a Funtuwa ya kafa gida ya yi zamansa. Kafin rediyo ta san da shi, a dandali da kasuwannin ƙauye ya fara, yana talla yana waƙa. Talakawan da suka tsaya suka saurare shi su ne suka fara ɗaga shi, tun kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Da ya rasu a 1999, wani ɗan yankin, Ibrahim Sheme, shi ya jagoranci rubuta tarihinsa. Daga Funtuwa Bilkisu Salisu Ahmed, wadda aka fi sani da Anti Bilki, ta rubuta Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe, iyayenmu mata suna karɓar haya suna karantawa. Farfesa Ibrahim Malumfashi kuwa shi ya raɗa wa irin waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana tafka muhawara a jaridu. Rarara ma ai ɗan Kahutu ne, nan ƙasar Danja.

To ina na yanzu? Suna nan. Dandalin ne ya tashi daga ƙofar gidan mai unguwa ya koma cikin waya.

Me ya sa ba ka ganin su?

TikTok da Facebook da YouTube ba ruwansu da wanda ya fi iyawa. Abin da suke lura da shi shi ne bidiyon da mutane suka kalla har ƙarshe, suka yi sharhi, suka tura wa wasu. Wanda ya samu haka sai su ƙara watsa shi, wanda aka wuce cikin daƙiƙa biyu sai su binne shi. Ka ga ke nan mai mabiya miliyan kullum gaba yake yi, shi kuwa yaron da ya dawo daga gona ya ɗauki waƙarsa da aron waya, ko mutum ɗari ba za su gani ba. Duk lokacin da ka ture bidiyonsa da yatsa don hoton bai fito tas ba, ƙuri'a ka kaɗa, kuma ba shi ka zaɓa ba.

Ga kuma matsalar da ta fi wannan ciwo. Ka je wajen masu tura waƙa a cika maka memori, ko abokinka ya turo maka ta Xender, sai ka tarar an goge sunan mai waƙar, an sa “sabuwar waƙa” kawai. Marubuciya ta kwana tana taifin a waya, ta buɗe guruf na kuɗi, kafin sati wata ta kwashe littafin ta watsa kyauta. Mai ɗinkin hula ya sa hoton aikinsa, wani ya ɗauka ya manna lambarsa. Aikin yana yawo, mai shi yana zaune ba ko sisin data. Daga nan sai gwiwa ta yi sanyi, ka ji an ce ai ya bari, ya tafi Abuja acaɓa.

Labarin da ya kamata ka sani

Akwai wani makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, Mdou Moctar. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya ta bulutut har arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su a memorin mutane. Bai tsaya a jin daɗi ba, sai da ya bi diddigi ya gano mai su, ya sa waƙarsa cikin wani kundi da ya fitar a 2011. Yau Mdou Moctar yana wasa a Turai da Amurka. Waƙar tana da daɗi tun farko, amma abin da ya sauya rayuwarsa shi ne mutum ɗaya da ya tambaya: wane ne ya yi wannan?

Kai ma za ka iya yin wannan tambayar, kuma ba sai ka je Mali ba.

Ta ina za ka fara?

Daina jiran abin da waya ta kawo maka, kai ka nema. Shiga wajen bincike ka rubuta Funtuwa, ka sake rubuta Funtua, don kowa da yadda yake rubutawa. Gwada Malumfashi, Bakori, Ƙafur, Danja, Dandume, Faskari, ka haɗa da kalma irin waƙa, zane, barkwanci, lalle ko zayyana. Leƙa Audiomack, inda ƙananan mawaƙa ke ɗora aikinsu kyauta. Idan karatu kike so, ga Wattpad da ArewaBooks. Za ka ci karo da shirme, wannan dole ne, ai ko a masussuka sai an sheƙe ƙaiƙayi kafin a ga tsaba.

In ka samu wanda ya burge ka, kalli aikin har ƙarshe. Yi sharhi mai ma'ana, ka faɗi abin da ya yi kyau da inda ke son gyara, ba hoton wuta guda uku kawai ba. In za ka tura, tura adireshin shafinsa maimakon ka sauke ka sake ɗorawa a naka. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da mai tasha ta hanyar dogayen bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Duk kallon da aka yi a shafinka, shi ka rage wa.

Sannan in da hali, saya. Kaka ta yi, an sayar da masara, ɗan abin da za ka kashe a shayi da indomi zai iya biyan kuɗin littafi guda. Bikin ƙanwarka ya taso? Ba mai zanen unguwarku aikin katin, ka kira mai hoton garinku.

Kai kuma mai fasaha

Sa sunanka da garinku a jikin kowane aiki, a cikin waƙar, a kan hoton, a kowane shafi na littafin. Kada ka zuba ƙwanka duka a kwando ɗaya: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen 2023. Mu nan ma ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Ajiye asalin aikinka a memori ko kwamfuta. Ka kuma sani akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta shafi har abin da aka ɗora a intanet. Ke mai rubutu, gasar Hikayata ta BBC Hausa tana nan tun 2016, gwada sa'arki.

Yau da dare, kafin data ta ƙare a kallon rigimar da ba ta shafe ka ba, nemo mutum ɗaya daga yankinku. Saurare shi, ka riƙe sunansa, gobe a majalisa ka faɗa wa abokanka. Haka aka yi wa Shata tun yana yaro mai talla.