Gargaɗi ga Mazauna Abuja da Kewayenta: Ku Tashi daga Hanyar Ruwa

Jama'ar Lugbe, Lokogoma, Galadimawa, Kubwa, Nyanya da Mararaba, da duk mai shirin sayen fili ko kama haya a waɗannan wurare: a yi hattara. Gidaje masu ɗimbin yawa a Babban Birnin Tarayya suna zaune ne a kan hanyar ruwa, kuma kowace damina ruwan yana dawowa ya bi inda ya saba bi, ko da gini ko babu.

Da kuɗin man fetur aka gina Abuja. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa dokar sabon birnin a watan Fabrairun 1976, lokacin da arzikin mai ke kan ganiyarsa, aka kuma tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsarin birnin na asali ya san cewa ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai da rafuka, shi ya sa ya ware filayen da ba a taɓawa, domin ruwa ya sami wurin wucewa da wurin nutsewa. Amma inda gwamnati ta zauna, nan kuɗi ke taruwa, inda kuɗi ya taru kuwa nan mutane ke kwarara. Fili ya zama zinariya. Waɗancan wuraren da aka bar wa ruwa aka yanka su fuloti-fuloti aka sayar.

Ga yadda cinikin ke gudana. Dillali zai kai ka da rani, ƙasa ta bushe ƙamas. Zai nuna maka fili a gangare, an zuba masa jar ƙasa tifa bayan tifa an daddaɓe, ya ce maka mai shi kuɗi yake nema da gaggawa, shi ya sa ya yi araha. Kada ka tsaya kallon filin. Je ka duba katangar maƙwabci: idan ka ga zanen laka ya kai gwiwa ko ƙugu, shaidar ruwan bara ce. Leƙa ƙarƙashin kwalbati, ka ga ko ledojin fiyawata da robobi sun cushe ta. Sannan ka tambayi mai shayin bakin layi ko maigadin gidan kusa, su da ke kwana a wurin, yadda unguwar take a watan Agusta. Za su gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba.

Dalilin da abin ke ƙaruwa kowace shekara a fili yake. Ƙasar da a da take shanye ruwan sama an rufe ta da kwalta da siminti da intalok. Ruwan da ya kamata ya nutse sai ya taru ya gangaro gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, ya tarar an matse rafin da katangu, an kuma mai da magudanar juji. Duk sabon rukunin gidaje da aka gina a kan tudu, na ƙasa ne ke biyan kuɗinsa.

Mun riga mun ga sakamakon. A watan Agustan 2019 ambaliya ta yi awon gaba da wani babban jami'in kotu a kusa da shataletalen Galadimawa. A watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje fiye da ɗari a rukunin Trademore da ke Lugbe, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Waɗannan su ne suka shiga jarida saboda masu hali abin ya shafa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan'uwanmu da ba a lissafawa: maigadin da ɗakinsa ke bakin get, daidai inda ruwa ke fara shigowa, leburori da 'yan gwangwan da ke kwana a bacoci a gefen rafi domin nan ne kaɗai ba a karɓar haya mai tsada. Su ruwan dare ke fara cimma.

Kada wani ya ce ai gwamnati mai kuɗi ce, za ta gyara. Jidda ta fi mu kuɗin mai nesa ba kusa ba, amma a watan Nuwamban 2009, ana cikin aikin Hajji, ambaliya ta kashe mutum fiye da 120 a can, galibi a unguwannin da aka gina a bakin kwaruruka. A Afrilun 2024 ruwa ya tsayar da Dubai cik, jirage suna keta ruwa a filin saukarsu. Idan birni ya yi girma da sauri fiye da magudanansa, dukiya ba ta hana shi nutsewa.

Don haka kada kowa ya biya ko kwabo a kan fili a Abuja sai ya tantance takardunsa a ofishin AGIS mai kula da bayanan filaye, ya kuma tabbatar akwai izinin gini daga sashen kula da gine-gine na birnin. Takardar hannu daga mai unguwa ba za ta hana rusau ba, balle ruwa. Direbobi da 'yan acaba, idan ruwa ya rufe gada ko kwalbati ku tsaya ku jira ya janye. Ruwan da bai wuce gwiwa ba yana iya ɗaga mota. A daina juye shara a kwata da zarar hadari ya haɗu. A riƙa sauraron hasashen yanayi na hukumar NiMet, kuma a haddace lambar gaggawa, 112.

Ku kuma jami'an da ke sa hannu a kan takardun filayen da kuka san hanyar ruwa ce, ku ji tsoron Allah, rayukan mutane kuke sayarwa. Limamai da sarakunan Hausawa na unguwanni, ku sanar da wannan a masallatai ranar Juma'a. Wanda ɗakinsa ke bakin rafi ya kwashe iyalinsa tun kafin ruwa ya kankama.